Kafin a huda bangon gidanka: tambayoyinku kan intanet ɗin faiba

Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan abu guda suka zo, wato jan wayar faiba zuwa gida. Na zaɓi huɗu. Waɗanda ban buga nasu ba su yi haƙuri, amsarsu tana cikin waɗannan.

Assalamu alaikum Malam. Kamfanoni biyu sun yi mini tayi, kowa na cewa intanet ɗinsa na faiba ne, amma ɗaya ya ce nasa "cikakken faiba" ne. Shin akwai rabin faiba ne, ko dai bakin talla ne kawai? — Wani magidanci

Wa alaikumus salam Malam. Akwai rabin faiba kuwa. Faiba zare ne na gilashi, kaurinsa kusan na gashin kai ne, kuma haske ne ke ɗaukar saƙo a cikinsa. Tun a 1966 Charles Kao da George Hockham suka nuna cewa idan aka tsarkake gilashi sosai, haske zai yi tafiya mai nisa a ciki bai dushe ba. Kamfanin Corning ya ƙera irin wannan zare a 1970, shi kuma Kao aka ba shi kyautar Nobel a 2009.

To, abin tambaya shi ne a ina zaren ke tsayawa. A tsarin da ake kira FTTC, yana tsayawa ne a wani akwati da ke bakin titi, daga nan tsohuwar wayar jan ƙarfe ta tarho ta ƙarasa da saƙon zuwa gida. Jan ƙarfe kuwa gajiya yake yi da nisa, shi ya sa gidan da ke kusa da akwatin yake fin na ƙarshen layi sauri, alhali kuɗi ɗaya suke biya. A tsarin FTTH, wanda wasu ke kira FTTP, gilashin da kansa ne ke shigowa har cikin ɗakinka. Wannan ne cikakken. Ka yi musu tambaya ɗaya: "Za ku maƙala mini akwatin ONT a cikin gida?" ONT shi ne ɗan akwatin da zaren gilashin ke ƙarewa a cikinsa. Idan sun fara kame-kame, ka gane. Sannan ka nemi a rubuta maka saurin turawa, don a talla saurin saukewa kaɗai suke son faɗa.

Malam, barka da ƙoƙari. An sa mana ranar da ma'aikata za su zo. Maigidana ya yi tafiya, ni kaɗai zan tarbe su, kuma ban san komai ba a harkar nan. Me zan shirya? — Wata uwar gida

Hajiya, kada ki damu, aikinki bai buƙatar ilimin injiniya. Abu ɗaya ne a hannunki, shi ne kuma ya fi komai nauyi a ranar: ke za ki nuna inda za a sa akwatin.

Bari in ba ki labarin abin da ya same ni. Ranar da aka zo gidana ina sauri zan fita, sai matashin da kamfanin ya turo ya ce, "Baba, a nan bayan ƙofa za mu sa, ya fi sauƙi." Na ce to. Gaskiya ya faɗa, ya fi sauƙi, amma gare shi. Nan ne kusurwar da ta fi kusa da falwayar da suka jawo wayar daga gare ta. Ya huda bango, ya maƙala, ya nuna mini gudun intanet ɗin a wayarsa yana tsaye a jikin akwatin, na yi murna na sa hannu. Da dare na shiga ɗakin da nake rubutu, wanda katanga uku ta raba shi da bayan ƙofar nan, sai na tarar ko hoto da ƙyar yake buɗewa. Da na kira su, aka ce matsar da akwati sabon aiki ne, sai in bi layi. Wata biyu ina ɗaukar kwamfutata zuwa falo kamar baƙo a gidana.

Ga yadda aikin yake. Za su jawo wayar ko dai ta sama daga falwaya, ko ta bututun da aka binne a ƙasa. Za su huda ƙaramin rami a bango, su shigo da ita, su haɗa zaren da wata na'ura da ke narkar da bakunan gilashin biyu su zama ɗaya. Daga nan sai ONT, wanda ke mayar da haske ya zama saƙon da na'urorin gida ke ganewa, sai rawuta mai watsa Wi-Fi. Wasu kamfanoni kan haɗa biyun a akwati guda, a nan ne ma zaɓen wuri ya fi zama dole. Yawanci 'yan sa'o'i aikin ke ci, sai dai idan bututun ƙasa ya toshe, wannan kan iya jawo a sake sa rana.

Tun kafin su zo, ki zagaya gidan ki duba inda aka fi zama da waya da kwamfuta. Ki zaɓi wuri a tsakiyar gida, a sarari, sama da ƙasa, kusa da soket biyu na wuta. Ban da cikin kabad, ban da bayan talabijin. Idan sun ce zaren ba zai kai can ba, ki yarda a sa ONT inda ya kai, amma a ja kebul zuwa inda rawuta za ta zauna. Kebul samfurin Cat5e na ɗaukar gigabit 1 har tsawon mita 100. Idan haya kuke, ki samu izinin mai gidan tukuna, domin za a huda masa bango. Kuma kada ki sa hannu a takardarsu sai kin gwada intanet ɗin a ɗakin da ya fi nisa.

Malam, na biya megabit 500, amma wayata 60 take nuna mini. An cuce ni ne? — Wani ɗalibi

Ɗana, kafin ka kai ƙara, duba harafin da ke bayan 60 ɗin: Mb mai ƙaramin b megabit ne, MB mai babban B kuwa megabait. Kamfani da megabit yake auno, yawancin manhajojin sauke fayil kuwa da megabait suke nunawa, kuma bit 8 ne ke yin bait 1. Raba 500 gida 8, za ka samu 62 da ɗoriya. Idan haka ne, abin da ka saya ne aka ba ka.

Idan kuwa megabit 60 ne da gaske, Wi-Fi zan fara tuhuma. Zangon Wi-Fi na gigahaz 2.4 na ratsa bango amma ba ya gudu, ga cunkoson rawutocin maƙwabta a kansa. Na gigahaz 5 na gudu amma bango na karya shi. Ka jona kwamfuta da kebul kai tsaye a rawuta ka sake gwaji, wannan ne alƙali. Sai dai ka sani, a tsarin GPON da kamfanoni da yawa ke amfani da shi, zare ɗaya mai kusan gigabit 2.5 ake rarraba wa gidaje, sau da yawa har 32 ko 64. Idan da safe lafiya lau, da dare kuma kullum sai ya ja baya ko da kebul, to ka rubuta sakamakon kwana bakwai da lokutansu ka kai musu.

Malam, wata fitila mai rubutun LOS ta koma ja a akwatinmu bayan an yi shara an matsar da kujeru. In buɗe in duba? — Wata mai karatu

A'a, 'yar'uwa. Jar fitilar na nufin haske ya daina isowa, kuma tunda bayan matsar da kujeru ne, ina kyautata zaton an lanƙwasa zaren ko an danne shi. Gilashi ne, ba ya jure karyawa kamar wayar caja. Ki bi shi da ido, idan ƙafar kujera ce a kai ki ɗaga, idan ya naɗe ki warware a hankali. Idan ya karye, kada ki leƙa bakinsa, domin hasken da ke ciki ido ba ya ganinsa amma yana iya yi masa lahani. Salatif ba ya haɗa shi, sai na'urar ma'aikata. Ki kira su ki ce "LOS ja ne", da jin haka sun san kayan aikin da za su riƙo.