Wai da gaske ba a biki a watan Safar?

TAMBAYA: Salam Anti. Maman Walid ce daga Shari' Mansur nan Makka. Mun sa ranar bikin 'yata ashe ya faɗo cikin Safar, har mun ba da kafin alƙalami riyal 3000 na istiraha, wato wurin biki na haya, sai surukata ta ce sam, wai watan bala'i ne amaryar Safar ba ta zama. Na ɗauka camfinmu ne na Hausawa sai maƙwabciyata Balarabiya ta ce kakarta ma haka take faɗa. Dan Allah ina tushen abin?

AMSA: Wa'alaikissalam ƙanwata. Ai tushen yana nan ƙarƙashin ƙafarki, camfin Larabawan jahiliyya ne. Kin san Zulƙida da Zulhajji da Muharram watanni ne masu alfarma, ba yaƙi ba hari, to da Safar ya kama sai kowa ya zaro takobinsa a fita, gidaje su zama wayam, har wasu masana lugga suka ce daga nan sunan ya fito, sifiri wato ba komai. Watan da kullum cikinsa ake kawo labarin an kashe wane an kore raƙuman wane, ai dole mata su tsane shi, wlh ko ni ce.

Ba shi kaɗai ba ma. In za su yi tafiya sai su kori tsuntsu, ya yi dama a tafi, ya yi hagu a fasa. Mujiya kuma cewa suke wai daga kan wanda aka kashe take fita tana kuka a shayar da ita har sai an ɗau fansa. Duk Annabi (SAW) ya haɗa ya rushe a hadisin Abu Huraira da ke Bukhari da Muslim, ya kore camfin tsuntsu da na mujiya da na Safar. Amma kin san camfi da taurin rai, har gida Najeriya tsofaffi na ta shan rubutu ranar Larabgana, Larabar ƙarshen watan.

Maganar Hajiya surukarki kuwa, kul ki je mata da "bidi'a ce" a gaban jikoki, wannan shi ne fami. Ki bar Baban Walid ya same ta bayan magariba ta sha shayinta, ya karanta mata hadisin, sannan ya ɗan sako zancen riyal 3000 ɗin, don masu istiraha ba kasafai suke mai da kuɗi ba.