Amsar tambayar Hajiya kan kalorin da agogo ke nunawa bayan tattaki

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa barkanmu da yamma, ya gida ya yara. Hajiya, na saurari muryarki tun ɗazu, na bari ne sai na samu natsuwa saboda maganar tana son a zauna mata. Ga waɗanda ba su buɗe ba, abin da ta ce shi ne: nauyinta kilo 80, tana fita tattakin awa ɗaya bayan asuba sau biyar a mako, agogon hannunta yana nuna mata ta ƙona kalori 500 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da jiki ke samu daga abinci yana kashewa), wani lokaci har da ɗori, amma wata guda ya wuce sikeli bai motsa ba. Shi ne take tambaya ko jikinta ne ke da matsala.

To Hajiya, kafin ki zargi jikinki, fara zargin wannan lambar tukuna. Ni a ganina nan ne aka samu tangarɗa.

Agogon nan ba ya auna kalori, kintace yake yi. In kika juya bayansa za ki ga wata koriyar fitila tana ƙiftawa, ita ce ke haska fatarki tana ƙirga bugun zuciya. Sai ya haɗa wannan da motsin hannunki da shekarunki da nauyin da kika shigar masa, ya fito miki da lamba. Matsalar ita ce bugun zuciya ba aiki kaɗai ke ɗaga shi ba. Zafin rana yana ɗaga shi, ƙishirwa tana ɗaga shi, shayi mai kauri ko kofi, rashin barci, fargaba, zazzaɓi, duk suna ɗaga shi. Shi kuwa agogo bai san dalili ba, da ya ga zuciya na sauri sai ya rubuta miki aiki. A shekarar 2017 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun ɗaura wa mutum 60 irin waɗannan na'urorin hannu kala bakwai, suka gwada su da injin asibiti mai auna numfashi. A ƙirga bugun zuciya yawancinsu sun yi ƙoƙari sosai. Amma da aka zo kalori, wanda ya fi kowanne kyau ya kauce da kashi 27 cikin ɗari, mafi muni kuma kashi 93. Wani abu da ya shafe mu kai tsaye: sun lura kuskuren yana ƙaruwa ga mai duhun fata, da mai jiki, da kuma lokacin tafiyar ƙasa. Kin ga mu ke nan, Hajiya, duka ukun sun hau kanmu.

Haka injin gudun nan na gidajen motsa jiki. In ba ki shigar masa da nauyinki ba, da nauyin wani yake miki lissafi. In kuma kina riƙe da ƙarfen gefe kina tafiya, kin rage wa jikinki aiki, shi kuwa bai sani ba, lambarsa tana ta hawa.

Yanzu bari in ba ku lissafin da ya fi kusa da gaskiya, kuma kowa za ta iya yi da biro da takarda. Akwai ma'aunin da masana ke kira MET. Ma'anarsa mai sauƙi ce: mutum yana zaune shiru ba ya komai, jikinsa yana cin kusan kalori 1 a kan kowane kilo na nauyinsa a cikin awa ɗaya. Wannan shi ne MET 1. Duk wani aiki sai a duba sau nawa ya ninka zaman nan. Akwai babban jadawali da wata malama Barbara Ainsworth da abokan aikinta suka fara fitarwa a 1993, ana ta sabunta shi, shi ne manhajojin waya da dama suke ɗebowa daga ciki. Tafiya ta daidai, kamar kilomita 5 a awa, tana wajen 3.5. Tafiya da sauri, irin wadda za ki iya magana amma numfashi ya fara hawa, tana tsakanin 4 da 5. Sassarfa kilomita 8 a awa tana wajen 8. Ƙwallon ƙafa na motsa jini, ga masu tambaya saboda mazajensu, wajen 7. Tsallen igiya ya haura 10.

Sai ki ɗauki lambar aikin, ki ninka da nauyinki, ki ninka da awa nawa kika yi. Hajiya, naki: 3.5 sau 80 sau awa 1, ya ba mu 280. Kin ji ko? 280, ba 500 ba.

Kuma ba mu gama ba, ku saurari wannan da kyau don nan ne kusan kowa ke faɗawa. A cikin 280 ɗin nan, akwai kusan 80 da jikinki zai ci ko da kin koma kin kwanta bayan sallar asuba. Zuciya tana aiki, huhu yana aiki, ƙwaƙwalwa tana aiki, ko kin fita ko ba ki fita ba. Saboda haka abin da tattakin ya ƙara miki na haƙiƙa shi ne 280 a cire 80, saura 200. Wannan 200 ɗin ita ce taki. Agogo da yawa da injina jimillar suke nunawa ba su cire komai ba. Ma'aunin MET ɗin kansa ma ga mai kitse da yawa da wanda shekaru suka ja yakan ɗan zarce gaskiya, don haka in za ki yi kuskure, ki yi shi ta ƙasa.

To mu kai shi ga sikeli. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kusan kalori 7,700. Kina samun 200 sau biyar a mako, 1,000 ke nan. Ki raba 7,700 da 1,000, za ki ga sai kin yi kusan mako takwas kafin tattaki shi kaɗai ya cire miki kilo ɗaya, in har abincinki bai ƙaru ko da loma ba. Ke kuma wata ɗaya kika yi. Rabin kilo kike bin sikeli, kuma rabin kilo abu ne da ruwan jiki yake ɓoyewa cikin sauƙi. Abinci mai gishiri da dare, kusantowar al'ada, rashin zagayawa, kowanne zai iya ɗora miki kilo ɗaya na ruwa tsakanin jiya da yau.

Sannan jiki yana da tasa dabarar. In kika ƙara masa aiki ta nan, yakan rage kashewa ta can. Wani masani Herman Pontzer ya je wurin 'yan ƙabilar Hadza a Tanzaniya, mutanen da ke rayuwa da farauta da tono saiwoyi, suna wuni a kan ƙafa. Sakamakon da suka fitar a 2012 ya ba kowa mamaki: in aka daidaita girman jiki, abin da suke ƙonawa a wuni bai yi nisa da na mazauna birane a Amurka da Turai ba. Wani binciken na 2021 da ya duba mutum sama da 1,700 ya nuna a matsakaici jiki yana maido da kusan kashi 28 cikin ɗari na abin da aka ƙona da motsi. Ban da wanda mu da kanmu muke yi: ranar da aka yi tattaki sai a dawo a miƙe a kujera, aiken da da za ki tashi ki yi sai ki tura yaro.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan. Mace ta ga 500 a agogo, sai zuciyarta ta ce ai yau na yi aiki, ina da sarari. Wallahi ba laifinta ba ne, lambar ce ta yaudare ta. Lemon kwalba na roba mai santilita 50 yana da kalori kusan 210. Kin ga roba ɗaya ta shanye tattakin awa guda har da bashi. Babban cokali ɗaya na mai, man gyaɗa ne ko manja, kusan 120 ne, saboda giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sukari ko sitacin da ke cikin shinkafa da tuwo kuwa 4. Ku tuna yadda muke zuba wa shinkafa da wake mai, ko yadda ƙosai da fanke da awara suke fitowa daga kasko. Ƙaramin cokalin sukari 16 ne, mu kuwa a kofin shayi ko kunu nawa muke zubawa? Abin kamar mai ɗebo ruwa a rijiya ne da bokiti mai huji, tana shan wahalar ja, tana isa gida rabi ya zube. Shi ya sa nake roƙonku, in manhajarku tana ƙara muku abinci saboda kun motsa jiki, ku kashe wannan wurin. In dole sai kin ci wani abu a kai, kar ya wuce rabin abin da lissafinki ya ba ki.

Af, tunda maganar ta zo, masu naɗa leda a ciki ko sa rigar roba don su yi gumi, don girman Allah ku daina. Gumi ruwa ne, ba kitse ne ke narkewa ba. Lita ɗaya ta gumi kilo ɗaya ce a sikeli, kina shan ruwa ta dawo. A zafin Maris da Afrilu irin namu wannan yana iya kai mutum ga jiri da suma, yana kuma wahalar da ƙoda.

Kar wata ta ji wannan ta ce to ashe tattakin ba shi da amfani. Yana da shi, babba ma. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Hajiya, ke kina kan 300 cif, masha Allah. Wannan yana taimakon hawan jini, yana taimakon sukari, yana gyara barci, yana kuma hana ƙibar dawowa bayan an sauke ta, ko da sikeli bai nuna komai ba tukuna. Kar ki fasa ko kwana ɗaya saboda wannan maganar. In gwiwarki na ba ki dama, ki ƙara sauri kaɗan, daga MET 3.5 ki koma wajen 4.5, ribarki ta tashi daga 200 zuwa 280 a awa ɗayan nan dai.

Agogon kuma kar ki jefar. Ki yi amfani da shi wurin ƙirga taku da mintoci da bugun zuciya, nan ya fi iyawa. Ki gwada yau da jiya da shi, kar ki gwada shi da kwanon abincinki.

Wurin bibiya, ki hau sikeli da safe bayan kin zagaya, kafin ki ci komai, da kaya iri ɗaya, a kan daɓe mai tauri ba kan kafet ba. Ki yi haka sau uku ko huɗu a mako ki rubuta, ranar Juma'a ki haɗa ki raba, wannan matsakaicin shi za ki gwada da na makon da ya wuce. Ki kuma samo tef ɗin tela ki auna cikinki daidai cibiya duk mako biyu, domin sau da yawa zani yana fara sakewa kafin sikeli ya yarda. A ɓangaren abinci ki zaɓi abu biyu kawai yanzu: lemon kwalba ya fita, mai kuma a riƙa auna shi da cokali maimakon tuttulawa daga galan.

Masu ciwon sukari da ke shan magani ko allura, da masu juna biyu da masu shayarwa, ku yi magana da likitanku kafin ku rage abinci. Ke ma Hajiya, in kika yi wata biyu zuwa uku a kan wannan tsarin da gaske amma sikeli da tef ba wanda ya motsa, ko kina jin kasala da sanyin jiki da ba ki saba ba, ki je asibiti a duba ki, a kuma duba magungunan da kike sha, don wasu suna sa ƙiba.

Ki fara rubutawa daga gobe da safe, bayan mako huɗu ki turo mana matsakaicin kowane mako da awon cikin, mu duba tare. Allah ya ƙara mana lafiya. Wassalamu alaikum.