Tsatsar alkama ba guda ɗaya ba ce

Ka ce ganyen alkamarka ya fito da ɗige-ɗige ja, in ka shafa yatsa ya ɗauko gari kamar ka taɓa tsohon kwano, alhali mai irin ya rantse maka ba ta tsatsa. Zauna nan, yaro. Ni ma rantsuwar ce ta ci bijimina.

Shekarar da na faɗaɗa garkata a Gidimuni, wani mai sai da iri ya tare ni ranar Alhamis cikin Damagaram. Baki kamar zuma. Wai irinsa daga waje aka kawo shi, tsatsa ko kallonsa ba ta yi. Na sai da bijimi, na sayi tiya 40 da man inji. Alkama ta tashi kore shar, har maƙwabta na leƙowa ta kan darni. Tana fara ciki na ga ɗigon a ganyen ƙasa, na ce ƙurar hunturu ce. Ai an rantse mini! Kwana goma tsatsar ta hau har ganyen sama, wanda shi ke cika zangarniya. Wandona ya yi ja har gwiwa in na ratsa. Da aka sussuke, tsaba duk ta motse kamar fatar tsohuwa, masu alkaki suka ƙi ta. Na koma wurin mai irin, ya ce ƙaddara ce. Har yau in na hango shi sai in canza hanya.

Daga baya wani malamin gona ya fahimtar da ni. Tsatsar uku ce: ta ganye mai ɗigo a warwatse, irin taka, da rawaya mai jeri layi-layi wadda ke son sanyi, da ta kara mai karya alkama a tsaye. Kowace kuma tana da dangi, kullum sabo na fitowa. Irin da ya gagari wannan, wancan ya kayar da shi. A 1998 aka ga wata ta kara a Uganda, ana ce mata Ug99, ta cinye irin da duniya ta dogara da shi, ta bi Kenya da Habasha, ta tsallaka Yaman, 2007 tana Iran. Iska ke kai ta, raɓar dare ta tsirar da ita.

Ban ruwa da taki ba zan ɓata bakina ba, in ba ka iya ba koma tallan goro. Sai dai rage yuriya, ku yaran yanzu kuna zuba ta kamar gishirin miya.

Gobe da asuba aje wayar nan, ka duƙa ka duba ganyen sama. In bai kamu ba, je wurin malaman gona su faɗa maka maganin feshi, ka fesa cikin kwana biyu. Ganyen da ya bushe ya tafi. Baɗi kuma ka raba garkar iri biyu, kuma ni za ka fara kawo wa tsabar in gani.