Furen fofi mai sanyin launi: zai yi a ƙaramar gona?

Tambaya: Ina da ƙaramar gonar furanni a wajen Jos, kuma ina sha'awar noman furen fofi mai launin fari, ruwan hoda da ruwan ƙwai mai haske domin sayar wa masu kwalliyar biki. Shin zai yi mini?

Amsa: Malama, irin da kike nufi shi ne wanda ake kira fofin Aisland, mai sunan kimiyya Papaver nudicaule, wanda asalinsa yankunan sanyi ne irin su Saberiya, kuma ya bambanta da wanda ake samun ofiyom, wato sinadarin nan mai sa maye, daga gare shi. Babban abokin gabarsa zafi ne, saboda haka ko a tudun Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, sai ki daidaita shukar yadda furen zai fito a lokacin hunturu, ki fara da kunya ɗaya tukuna.

Ƙwayar irinsa ƙanana ce kamar ƙura, don haka a barbaɗa ta bisa ƙasa mai laima ba tare da an rufe ta ba, domin tana bukatar haske kafin ta tsiro.

Wajen yanka ne aka fi yin asara. Ki yanke furen da sassafe, daidai lokacin da ƙunshinsa ya tsage har launi ya leƙo, sannan ki tsoma ƙarshen karan cikin tafasasshen ruwa na kamar daƙiƙa 10 domin ruwansa mai kama da madara ya daina zuba. Furen da aka yi wa haka yakan kai kwana 5 zuwa 7 a cikin ruwa.