Kafin ka yi wa wayar Hajiya fulashin

Yarona, saƙonka ya iso. Ka ce wata Hajiya mai sayar da atamfa a Babbar Kasuwa ta kawo tsohuwar wayarta, manhajar bankinta ta ƙi buɗewa, kullum sai ta rubuta mata wai a sabunta. Ka duba ka ga Android 8.1 ke kanta, ram giga 1, memori giga 16, ka kuma samo wani fayil a intanet da aka ce zai ɗaga ta zuwa Android 13. Kana tambaya ko ka zuba mata, wato ka yi mata fulashin, ka sauya tsarin wayar ta kwamfuta. Kada ka zuba. Zare kebul ɗin ka ajiye, ka karanta wannan a tsanake, domin irin aikin nan zai yi ta zuwa maka har ranar da za ka buɗe naka shagon.

Da farko ka gano me ake cewa a sabunta. Mai waya ba ruwansa da rarrabewa, kai ne dole ka rarrabe. Akwai sabunta manhaja guda, kamar ta banki ko WhatsApp, wannan a Play Store ake yi. Akwai facin tsaro, wanda Google ya fara fitarwa wata-wata tun 2015, kamfanin waya ya karɓa ya tura wa wayoyinsa. Sannan akwai sauya Android ɗin kansa, daga 8 zuwa 9 ko 10. Yawancin masu shigo mana da wannan kuka, na farkon ne ke damunsu. Banki ya rufe tsohon samfurin manhajarsa, Play Store kuma ya kasa sauko da sabon saboda memori ya cika maƙil da bidiyon biki da karatun malamai da hotunan da ake turowa a guruf. Buɗe Play Store ka nemo manhajar, ka karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashinta. Ka leƙa kwanan wata da agogon wayar ma. Tsohuwar waya idan batir ya mutu murus ta kwana biyu a ajiye, takan farka a wata shekara can baya, kuma da kwanan wata ya kauce wayar ba ta yarda da shaidar tsaron shafuka, sai banki da Play Store duka su ƙi haɗuwa. Gyaran minti ɗaya ne, amma na sha ganin an goge waya ƙarƙaf a kansa.

Idan kuwa Play Store ya ce wayar ba ta dace da wannan samfurin manhajar ba, to bankin ya ɗaga matakin Android da yake karɓa, nan ne ake fara tunanin sabunta tsarin wayar. Shiga Settings, ka gangara System, ka taɓa System update. A Samsung sunansa Software update. Abin da wayar ta samo da kanta a nan, shi ne na gaskiya. In ta ce babu sabo, to kamfanin ya tsaya ke nan, kuma ya kamata ka san dalili don ka iya yi wa mai kaya bayani.

Android ɗin da ke cikin waya hannu uku yake bi kafin ya iso. Google ya fitar da shi. Kamfanin da ya ƙera cif ɗin wayar, MediaTek ne ko Unisoc ko Qualcomm, ya daidaita shi da injinsa yadda kyamara da sabis da caji za su yi aiki. Sai mai wayar ya ɗora nasa adon, Tecno ya sa HiOS, Infinix ya sa XOS, Samsung ya sa One UI, ya gwada, ya tura. Duk wanda ya janye hannu cikin ukun nan, sabuntawa ta tsaya. Ƙananan wayoyi masu araha yawanci a kan Android ɗin da suka zo da shi suke ƙare rayuwarsu, sai ɗan facin tsaro na wani lokaci. Alƙawarin shekara bakwai da kake ji, Google ya fara shi da Pixel 8 a 2023, Samsung ya bi da Galaxy S24 a 2024, kuma waɗannan ba su ne wayoyin da ke cika teburinmu ba.

Wayar Hajiya da ram giga 1, mai yiwuwa Android Go ce, wanda Google ya fito da shi a ƙarshen 2017 musamman don wayoyi marasa ƙarfi. Google ɗin da kansa, da ya zo kan Android 13 Go a 2022, cewa ya yi sai waya tana da ram giga 2 aƙalla. To ka ga mai abin ma bai yarda giga 1 zai ɗauka ba. Kayan raƙumi ne kake shirin ɗora wa jaki, ko ya miƙe da shi ba zai kai bakin kasuwa ba.

Shi fayil ɗin da ka samo, ba zai wuce ɗayan waɗannan ba. Ko dai tsohon Android ne aka sauya masa lamba da zane don ya rubuta 13 a fuska, wanda ba ya ruɗin manhajar banki, domin ita ba rubutun fuska take dubawa ba. Ko na wata wayar ce daban, ka zuba ta mutu a hannunka. Ko kuma aikin masu sha'awa ne na gaske, irin su LineageOS, wani Android da ba kamfanin waya ya haɗa ba, kuma ba na raina su, akwai gwanaye a cikinsu. Amma kafin ka zuba irinsa sai ka buɗe makullin bootloader, wanda ke hana a ɗora wa waya tsarin da ba na kamfani ba, buɗe shi kuwa yana share duk abin da ke cikin wayar. Bayan ka gama wahala, manhajojin banki da yawa suna bincikar ko an taɓa tsarin waya, da sun ga makulli a buɗe sai su ƙi tashi. Wato abin da ya kawo ta shi ne zai fara lalacewa. Ga kuma tambayar da ta fi damuna: wa ya haɗa fayil ɗin, me ya cusa a ciki? Wayar da kuɗin mutum ke bi ta cikinta ba wurin gwaji ba ce. In kana son koyon wannan fanni, kuma ina so ka koya, akwai matattun wayoyi a durowar ƙasa, ɗauki ɗaya ka yi ta fama da ita bayan la'asar. Haka nan kada ka sauko mata da manhajar banki daga wani shafi ko ka karɓa ta Xender a wayar wani. Ta nan ɓarayi suke shiga asusun mutane.

Yanzu a ce ka duba ka tarar akwai sabuntawa ta kamfani tana jira. Kada ka yi saurin dannawa. Juya wayar ka dubi bayanta da gefenta a haske. Idan murfin ya ɗan ɗago, ko sikirin ya fara rabuwa da jiki ta gefe ɗaya har farce na iya shiga, batir ya kumbura. In mai cirewa ne, ɗora shi a kan gilashin tebur ka murza shi da yatsa. Lafiyayye ba ya juyawa, kumburarre kuwa sai ya yi ta walagigi a kan cikinsa. Zafin Katsina na watan Maris da Afrilu, ga waya a kan caji dare da rana, shi ke cinye batir haka. Irin wannan batirin zai nuna maka kashi 60, ana tsakiyar aiki ya faɗo sifili. Tsohuwar waya kuwa in ta ɗauke tana cikin rubuta tsarinta, sai ta maƙale a tambarin kamfani, ba gaba ba baya. Canza batir tukuna. In lafiyarsa lau, ka cika shi ya haura rabi, ka jona ta a fawa bank ko layin sola na shago, kada ka dogara da wutar nefa.

Sai abin da ya fi wayar kanta daraja. Mace mai sana'a irin wannan, lambobin masu sarinta da na masu bin ta da waɗanda take bi duk suna ciki, wataƙila lissafin bashin ma a cikin hirar WhatsApp yake. Duba inda lambobin suke: a layi, a asusun Google, ko a memorin waya? Na memorin waya su ne ke tafiya ba dawowa. Kwashe su zuwa asusunta. Yi wa WhatsApp ajiya a Google Drive, ka tsaya har ka ga ta kammala da idonka, domin tun 2024 ajiyar WhatsApp tana cin wuri cikin giga 15 da Google ke bayarwa kyauta, mutane da yawa tasu ta cika ta daina hawa ba su sani ba. Hotuna ka juye su a katin memori nata, ba a kwamfutar shago ba. Kuma juyewa aka sa ka, ba kallo ba. Waya ce ta matar aure, akwai hotunan 'ya'yanta mata ba lulluɓi, akwai maganar gidanta. Yaron da na kama yana buɗe hotunan mutane, ranar ya bar shagona.

Tambaye ta ko ta san imel ɗinta da lambar sirrinsa. Yawanci za ta ce ɗanta ne ya buɗe mata, ko wani yaro a kasuwa. To a nemo shi tun wayar tana buɗe. Tun daga Android 5.1 akwai makullin da ake kira FRP: in aka goge waya ta bayan fage, ba za ta buɗe ba sai an sa asusun Google da ke kanta a da. Miƙa mata wayar ta rubuta lambar sirrin da hannunta, kai ka kau da kai. Wanda kuma ya kawo maka waya a kulle, bai san asusun ba, ba kwali ba rasit, yana ta waige-waige yana cewa a yi sauri, ka ce masa maigidanka ya hana.

In an fara sabuntawa, bar ta. Za ta mutu ta tashi, ta daɗe a tambari, ta yi ɗumi. Kada ka danne maɓalli, kada ka zare batir. Bayan ta gama ma takan yi nauyi ta sha caji na yini guda ko biyu tana daidaita manhajoji, ka faɗa wa mai ita tun kafin ta tafi, don kada ta dawo gobe da faɗa.

Fulashin da kwamfuta yana da ranarsa, ranar da waya ta maƙale a tambari ko take ta kashe kanta tana kunnawa. Ko a ranar, nata na asali ake mayar mata, ba wani sabo ba. Lambar samfurin da lambar Build, wato lambar tsarin da ke kan wayar, su dace da na fayil ɗin harafi da harafi, domin waya iri ɗaya takan fito da sikirin na kamfanoni daban-daban, ka zuba na 'yar'uwarta ta tashi da farin allo ko tacin ya daina ji. Danna *#06# ka rubuta IMEI, lambar shaidar wayar, a takarda in wayar tana kunnuwa. Goge ramin caji da tsinke da ɗan burushi, ƙurar hunturu takan daskare a ciki ta hana kebul zama, kebul kuwa in ya motsa ana tsakiyar zubi an shiga uku. A wayoyin MediaTek, cikin SP Flash Tool, manhajar kwamfuta da ake yi musu fulashin da ita, zaɓi Download Only, ka cire alamar da ke kan preloader, fayil ɗin da ke fara tada wayar, in ba wayar ta mutu gaba ɗaya ba ce. Format All + Download yana share NVRAM, inda IMEI yake zaune, sai waya ta tashi tas amma ba sabis a kowane layi. A Samsung, cikin Odin, tasu manhajar fulashin, fayil ɗin HOME_CSC yana barin kayan mutum, CSC zalla yana gogewa. Kuma Samsung ba ya yarda a koma ƙasa da lambar binary, wato matakin tsarin da wayar ta riga ta hau, don haka duba ta kafin ka ƙona datarka wajen sauko da fayil.

IPhone ba ta da wannan dogon zance, inda Apple ya tsayar da ita nan ta tsaya. IPhone 6 ba ta wuce iOS 12, 6s da 7 sun tsaya a iOS 15, 8 da X a iOS 16. A 2025 WhatsApp ya fara neman iOS 15.1, shi ya sa masu 6 suka yi ta zuwa, kuma babu abin da za ka zuba musu.

Idan Hajiya ta dawo bayan azahar kuma ka tabbatar kamfani ya tsaya a 8.1, bankin kuma ya wuce nan, zaunar da ita ka gaya mata gaskiya. Wayarta ba ta lalace ba. Kira zai yi, WhatsApp ma zai yi, domin waɗanda aka yanke a Oktoban 2023 masu Android 4.4 zuwa ƙasa ne. Manhajar bankin ce kawai ta fi ƙarfinta. Kafin ta samu halin canzawa, lambar USSD ta bankinta, wadda ake dannawa da * da #, tana tura kuɗi tana duba saura ba tare da data ba, ta karɓi lambar daga bankin da kanta, saƙon shigar kuɗi kuma zai ci gaba da zuwa mata ta layi. In ta tashi saye, ko ta hannu ce, ta nemi mai ram giga 3 ko 4 da Android na kusa-kusa, ta kawo mu juye mata kayanta. Kuɗin share memori da ajiye lambobi kawai za ka karɓa, kada ka caje ta kuɗin fulashin da ba a yi ba.

Kafin nan, buɗe About phone ka ɗauki hoton shafin yadda lambar samfurin da ta Build da kwanan facin tsaro za su fito sosai, ka haɗa da hoton abin da Play Store ya rubuta a kan manhajar bankin, ka turo mini in gani.