Amsa: kare gida daga gobarar daji a Kaliforniya

Malam, ka tambayi ta ina za ka fara, tunda gidanka na tsakiyar itatuwa. Fara da jikin gidan, domin yawanci tartsatsin da iska ke ɗebowa ne ke kunna gida, tun harshen wutar bai iso ba. Mita 1.5 daga bango kada a bar busasshen ganye ko itacen girki, a zuba tsakuwa. A share rufi da indararo. Kafofin shan iska a sa musu ragar ƙarfe mai ido milimita 3, ta roba narkewa take yi. Dokar jihar ta ce a gyara kewayen gida har ƙafa 100, wato kimanin mita 30. Yankan ciyawa kuwa sai da safe, kafin ƙarfe 10, don in rana ta yi zafi ciyawa ta bushe, injin yankan kan tayar da wuta in ya bugi dutse.