Amsa ga ɗan ƙanwata mai son zuwa Amurka buga zari-ruga

Ɗana, saƙonka ya iso, da bidiyon da kake ɗaga buhun siminti biyu, da hoton da ka tsaya a bakin ƙofa don in ga tsayinka. Ka ce tsayinka ƙafa 6 da inci 5, nauyinka kilo 128, shekarunka 22, kuma wani ya yi maka alkawarin gurbi a wata jami'ar Amurka in ka ba shi dala 3,000, ka buga ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka a sahun gaba, daga nan sai NFL, babbar gasar ƙwararrunsu. Kai ne na huɗu da ya aiko mini irin wannan a bana, shi ya sa zan amsa a fili kowa ya karanta.

Kada ka ba mutumin nan ko sisi. Jami'ar da take son ɗan wasa ita ke kashe masa kuɗi, kocinta ba ya miƙa hannu.

Shekarata 19 a Ohio. Bakwai daga ciki, in na tashi daga aiki, ina taya horar da yaran sahun gaba a wata makarantar sakandare, kuma taubashinka ya buga takul, wato mai tsaron gefen sahun, shekara huɗu a wata ƙaramar jami'a. Don haka abin da zan faɗa maka na gan shi da idona. Girman da ake tsayawa kallo a unguwarku, a nan ba ya ɗaga wa kowa kai. Masu tsaron gefe a NFL, wato takul, yawancinsu tsayinka gare su ko fiye, nauyi wajen kilo 140. Masu neman 'yan wasa in sun zo, girman sun riga sun sa shi a aljihu, ƙasa suke duba: idon sawu, gwiwa, ƙugu. Ƙaton zai iya durƙusawa dunduniyarsa na ƙasa, bayansa a miƙe, ya ja da baya da sauri ba tare da ƙafafunsa sun harɗe ba? Wanda yake sunkuyawa daga ƙugu, kansa ya riga ƙafarsa, an gama da shi. Kai da ka yi kokawa ka san wannan tun kana yaro, wanda ya shige ƙasan abokin karawarsa shi ke kayarwa. Tristan Wirfs, da ƙungiyar Tampa Bay ta ɗauka na 13 a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL a 2020, zakaran kokawa ne na jihar Iowa tun yana sakandare, kuma masu zaɓe sun ɗauki hakan da muhimmanci. Wallahi da bidiyon kokawarka ka turo mini da ya fi na simintin amfani.

Duk ƙarshen Fabrairu ana tara samari fiye da 300 a Indianapolis ana gwada su. Ana sa su gudun yadi 40, amma ga ƙattin sahun gaba yadi 10 na farko ake duba, don a wasa da wuya su wuce haka. Suna kwanciya su ɗaga ƙarfe mai kilo 102 iya ƙarfinsu. Likitoci su bi gwiwa da kafaɗa da baya ɗaya bayan ɗaya. Sai kuma awon hannu, daga kafaɗa zuwa ƙarshen yatsa, wanda har yau in na tuna shi zuciyata ke ɓaci.

Ƙungiyoyi da yawa ba sa son takul da hannunsa bai kai inci 33 ba, wasu ma 34 suke nema. Dalilin kamar na dambe ne, wanda hannunsa ya riga sauka a ƙirjin wani shi ke juya shi yadda ya so. Peter Skoronski ya yi fice a takul a jami'ar Northwestern, Tennessee ta ɗauke shi na 11 a 2023, amma da yake hannunsa inci 32 da ɗan ɗoriya ne sai aka mai da shi ciki, gurbin gad. Shi ya yi sa'a, sunansa ya riga ya fita. Taubashinka hannunsa 32 ne cif. Ranar da masu neman 'yan wasa suka zo makarantarsu ina tsaye a gefe. Wani ya ɗora masa tef, ya rubuta lamba, bai ko sake ɗaga ido ya dube shi ba. Shekara huɗu ta tashin asuba, da cin abincin da ba ya so don ya riƙe nauyi, da atisayen watan Agusta cikin zafi, har da na azumi, duk suka ƙare a inci ɗaya da Allah bai ba shi ba. A mota muna komawa gida babu wanda ya ce uffan.

Awo ba shi ne komai ba, gaskiya. Orlando Brown ya kunyata a gwajin 2018, sau 14 kawai ya ɗaga ƙarfen, gudunsa ya yi nawa ƙwarai, ya faɗo har zagaye na uku kafin Baltimore ta ɗauke shi, kuma ya zama gwani. Abin da ya cece shi faifan wasanninsa ne na jami'ar Oklahoma. Faifai shi ne hujja. Suna kallon kowane karo, su mayar, su sake. Ina ya sa hannu, ciki ko waje? In masu kawo hari biyu suka yi musayar gurbi, ya gane ko ya bi na farko ya bar ƙofa a buɗe? In aka ka da shi, me ya yi a karo na gaba? Kai ba ka da faifai ko na minti ɗaya, ba ka taɓa sa hular kwanon wasan ba.

Ka kuma yi lissafi. Ƙungiyoyi 32 ne, zagaye 7, ana zaɓen mutum wajen 257 a shekara a dukkan gurabe. Cikin 'yan wasan jami'o'i, waɗanda ke kaiwa ba su cika biyu cikin ɗari ba, kuma yara ne da suka fara tun firamare.

Na san za ka kawo mini sunayen 'yan Afirka. Prince Tega Wanogho ya bar jihar Delta yana matashi ɗan sakandare, ƙwallon kwando ma ta kawo shi Alabama, ya samu shekaru yana koyo a Auburn kafin Philadelphia ta ɗauke shi a zagaye na shida a 2020. Ezekiel Ansah daga Accra karatu ya zo yi a jami'ar BYU, ya fara wasan a 2010, Detroit ta ɗauke shi na biyar a 2013. Irinsa ɗaya ne a zamani. Kai kuma ka riga ka shiga jami'a a gida, kuma a babban rukunin jami'o'in nan shekarun da aka ba ɗan wasa ƙidayayyu ne, ƙidayar tana farawa daga lokacin da ka fara karatun jami'a ko a wace ƙasa. Mai neman dalolinka ya gaya maka wannan?

Ƙofar da ta rage wa mai shekarunka ita ce shirin NFL na 'yan ƙasashen waje da aka fara a 2017. Ta nan Jordan Mailata ya fito daga Ostireliya, aka ɗauke shi a zagaye na bakwai a 2018, kuma sai a 2020 ya fara buga wasan gasa. Osi Umenyiora, da ya ci kofi biyu da New York Giants, shi ke zaƙulo samari a Najeriya, an yi sansanin farko a Accra a 2022. Yawancin waɗanda suka bi ta nan rukunin atisaye suka tsaya, amma hanya ce ta gaskiya.

Taubashinka ya fita da digirin injiniya ba bashin ko dala ɗaya, yana aiki, ina alfahari da shi. Shekarunsa 26, kuma in sanyi ya shigo a kan kujera yake salla saboda gwiwa. Wannan ma ka sa shi cikin lissafinka.

In har yanzu kana so, ka sa a auna hannunka daga kan kafaɗa zuwa dogon yatsa, ka ɗauki bidiyo kana tsugunawa dunduniya a ƙasa, da wani kana kokawa, ka turo. Zan nuna wa babban kocinmu, abin da ya faɗa zan gaya maka ba ƙari ba ragi. Karatunka kuwa kada ka ajiye shi. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata zan kira ranar Juma'a bayan masallaci in sha Allahu.